Ramukan da Na Tarar a Jikin Dutse

Cikin duk shekarun da na yi a aikin safiyo, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wadda aka sa ni hawa wani ɗan dutse tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, gab da samun 'yancin kai. Lokacin ni mai jan sarƙa ne, wato mai riƙe sarƙar awon ƙasa, a ƙarƙashin wani safiyo, Malam Lawal.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: kafin a zana taswira, sai an kafa ginshiƙin siminti a kan tudu, inda za a hango shi daga wani tudun, a riƙa awo tsakaninsu. Dutsen da aka zaɓa ba shi da girma, amma a miƙe yake kamar bango. Kuma dutsen yashi ne, in ka damƙe shi da ƙarfi sai ya marmashe a hannunka.

Ƙa'ida ce mu fara gaida mai gari. Malam Lawal ya tambaye shi ko akwai abin da ya hana hawa.

"Babu hani, Malam," in ji shi. "Hanya ce babu. Ko awakinmu gindinsa suke tsayawa."

Da yake ni ne marar nauyi a cikinmu, ni aka ɗaura wa igiya a ƙugu, in na isa sama in ɗaure ta don sauran su biyo. Na tuɓe takalma, na bi wata tsaga. Na kai wajen rabi ke nan sai abin da na kama da hannun dama ya ɓalle. Na ji ƙararsa a ƙasa, na manne da jikin dutsen.

"Garba, kada ka dubi ƙasa," Malam Lawal ya ce. "Lalubi hagunka a hankali."

Ina lalube sai yatsuna suka faɗa wani rami mai santsi, daidai hannun mutum. Na ɗaga kai, ga wani a samansa, ga wani kuma, a jere har ƙoli. Wannan ba cin ruwa ba ne, sassaƙa ce. Tsoro ya sake ni, tambaya ta kama ni: wa ya yi su, kuma don me suka fara daga tsakiyar dutse?

A sama na tarar da fili kamar tsakar gida. Ga kwarmin niƙa, ga fasassun tukwane, ga kuma tarin duwatsu a wuri mafi tsayi, daidai inda ginshiƙinmu zai zauna. Da Malam Lawal ya hawo, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce kada a kwaɓa siminti tukuna.

Muka koma wurin mai gari. Shi ma mamaki ya yi, ya kai mu wajen 'yar'uwar mahaifinsa, Gwaggo Hure, tsohuwa tukuf, tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Da ta ji bayaninmu sai ta ture ƙwaryar gefe.

Ta ce kakarta ta ba ta labari. Zamanin hare-hare, in aka ji mahara na tafe, mata da yara can suke hawa da hatsinsu. Akan jingina kututturen giginya a hau zuwa rabi, sannan a bi ramukan. In kowa ya hau, sai maza su janye kututturen su ɓoye.

"To duwatsun da aka tara fa, Gwaggo?" in ji Malam Lawal.

"Ƙanen kakata ne. Zazzaɓi ya kama shi a can ya rasu, ba halin saukowa, ba kuma ƙasar da za a haƙa." Ta juyo gare ni. "Ɗan nan, suna nan yadda aka tara su?"

Na ce suna nan. Ta yi masa addu'a, muka shafa.

Malam Lawal ya sa aka matsar da ginshiƙin gefe. Hakan ya sa dole a ƙara masa tsawo, a sake awo, mu yi ta jan siminti da ruwa da igiya har tafin hannunmu ya saɓule. Ba wanda ya yi gunaguni. Da babbanmu na Katsina ya nemi dalilin jinkiri, Malam Lawal ya ce masa akwai mai wurin, ya riga mu.

Abin da na koya shi nake faɗa wa yaranmu na yanzu: duk inda aka tura ku awo, ku tambayi tsofaffi, musamman mata, kafin ku kafa komai. Ni kuwa har na bar aiki akwai lissafin da na kasa. Da igiya na hau dutsen nan, hannuna wofi, ina saurayi, amma da ƙyar na sha. Matan nan da goyo suka hau.