Yadda Na Ari Fuskar Yayana Na Tare wa Habboba Hanyar Makka

Kafin in zama wanda iyaye ke nunawa da baki su ce wa 'ya'yansu kada ku yi irin nasa, ni yaro ne ɗan shekara goma sha shida a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi, kusa da Rusairis a ƙasar Sudan. Makaranta ina zuwa in na ga dama, gonar riɗi kuma ina yi in Baba ya kafa mini ido. Ciwona ɗaya ne, ba na iya zama. Ana zaunar da ni a tabarma sai in ji kamar cinnakun duniya sun kira taro a ƙarƙashina. In jirgin sama ya gifta ta kan gonarmu kuwa, sai in bi shi da kallo har wuyana ya ƙage.

Allah ya yi mu kama ɗaya da yayana Usman, wanda ya ba ni shekara huɗu. Hanci ɗaya, kunnuwa ɗaya masu faɗin faifai. Gashin baki kawai ya fi ni. Da wannan kamar na fara ɓarna. Na karɓi saƙon da aka aiko masa, na sha shayin da aka dafa dominsa, har na taɓa ɗaga wa budurwarsa hannu daga nesa ta yi ta sunkuyar da kai.

Wata damina taraktar da Yaya yake tuƙawa ta lalace, hanyar mota kuma ta zama kunu. Mai taraktar ya yankar masa tikitin jirgi zuwa Hartum don ya sayo ƙarfen da ya karye. Da safen tafiyar zazzaɓi ya kwantar da shi yana ta karkarwa. Na zare biɗaƙarsa, wato katin shaidarsa, daga aljihun jallabiyarsa, na haɗa da tikitin na fice.

A filin jirgi mai dubawa ya kalli sunan da ke kati, ya kalli na tikiti, ya ɗago ya kalle ni.

"Ina gashin bakin?"

"Zazzaɓi ya cinye shi, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya ya miƙo mini katin. Na hau jirgi, na sayo ƙarfen, na dawo. Da an yi mini dukan tsiya a ranar da yanzu ba na rubuta wannan. Amma ba wanda ya taɓa ni. Baba ya ce "ja'irin yaro" yana ɓoye murmushi. Samarin gari suka sa ni a tsakiya, ni kuma na ba su labarin yadda direban jirgi ya roƙe ni in riƙe masa sitiyari zai yi sallah.

Kakarmu, wadda muke kira Habboba, ta haura tamanin, yanar ido ta hana ta gani. Mahaifinta ya baro ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar Makka, ya yada zango a nan don ya huta, har ya rasu bai ƙarasa ba. Tun tana yarinya take cewa ita za ta ƙarasa masa. Shekarar da riɗi ya yi kyau aka yanke shawara za ta tafi Umra, Yaya ne zai riƙe mata hannu.

Wata da watanni Yaya yana zarya. Yau hoto, gobe allurar rigakafi, jibi a dangwala yatsa a yi jawaz, wato fasfo, sannan a jira biza. Na riƙa yi masa tsiya.

"Yaya, ni fa da kati ɗaya na hau jirgi."

"Wancan cikin gida ne, sakarai. Kati iyakarsa ƙasarka. In za ka fita waje sai jawaz da biza, shi kuma jawaz ya san yatsan mai shi."

Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta na hagu. A raina na ce kakanninmu sun ratso ƙasashe da sanda da buta kawai, ni da fuskar Usman sukutum wa zai tare ni? Tun daga ranar ba na iya cin tuwo a zaune. Teku nake so in gani daga sama.

Aka tafi da ni Hartum don ɗaukar kaya. Jawaz biyun da tikiti suna cikin jakar Habboba. Da safen tashi na ce wa Yaya mai shirya tafiyar ya kira wayar masu masaukinmu, an ɗage jirgi zuwa yamma, kuma yana nemansa maza a Umdurman, can ƙetaren kogi, ya sa hannu. Yana fita na zura jallabiyarsa, na naɗa rawaninsa, na zana gashin baki da kwallin Habboba. Ita kuma na ce mata Yaya ya yi gaba, ni zan kai ta.

"To maigidana, riƙe ni da kyau," in ji ta, don haka take tsokanata.

Wannan filin jirgin ba irin wancan ba ne. Layi bayan layi, kowa da tarin takardu. Muka iso gaban wani jami'i a bayan gilashi. Ya buɗe jawaz, ya duba biza, ya ce in kalli wata 'yar na'ura, sannan in ɗora yatsa a kan wani gilashi mai haske. Na ɗora. Ya ce in sake. Na sake. Gumi ya karyo mini kamar an ɓalle bakin madatsar ruwa, na ji gashin bakina yana gangarowa zuwa haɓa.

Jami'in ya juya wajen Habboba ya tambaye ta da Larabci, "Hajja, wannan wane ne?"

Na matse mata hannu. Nan take ta gane abin da na yi. Sai ta zare hannunta daga nawa.

"Jikana ne, amma ba shi ne Usman ba. Ɗakin Allah na nufa, ba zan fara da ƙarya ba."

Ina ji jirgin ya tashi ina zaune a benci da ankwa a hannu. Habboba ba ta iya tafiya ita kaɗai, don haka ya tashi babu ita. Aka riƙe jawaz ɗin Yaya a matsayin shaida. Shi ma da ya iso a guje aka tsare shi ana tuhumarsa ko sayar mini ya yi. Kafin a wanke shi bizar ta mutu. Habboba ta koma gida a mota.

Kotun yara ta tura ni gidan gyaran hali. Ni da ba na iya zaman minti biyar, na zauna wata goma a tsakanin katanga huɗu. Na auna tsakar gidan da ƙafa har na san kowane dutse da sunansa. Sau ɗaya Yaya ya zo. Bai zage ni ba, da ma ya zaga.

"Da ni kaɗai ka cuta da sauƙi," ya ce. "Tsohuwar nan kullum jakarta a ɗaure take."

Ranar da aka sake ni na tarar da Habboba a kwance. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta, likita ya ce maganar jirgi ta ƙare. Na durƙusa a gabanta. Ta laluba fuskata da hannu.

"Wa ke nan? Usman ne ko na aro?"

"Ni ne, Habboba. Ki yafe mini."

"Na yafe, maigidana. Amma ba kyauta ba. Za ka je ka yi taka Umrar, sannan ka yi tawa. Da sunanka na yanka."

Yanzu shekarata goma sha takwas. Na yi katin shaida nawa, da hotona mai kunnuwan faifai. Jawaz kuwa ina ta zarya, don mai irin tarihina sai an bincike shi ciki da bai. Ina bin layi, ƙafata tana ƙaiƙayi, amma ba na tsallake kowa.

'Yan uwana matasa, ku ji daga bakin wanda ya gwada. Ƙaryar da ta wuce a ƙofar farko ita ce mafi haɗari, don ita ke kai ka ƙofar da ba ta wucewa. Kada ku taɓa takardar wani, ko da uwa ɗaya ta haife ku. Ni na yi wata goma na fito. Wadda ba ta ɗauki komai na kowa ba ita ce har yau take kwance, kowace safiya tana tambayata ko jawaz ya fito, ni kuma ina ce mata tukuna.