Ranar da Na Ce Ni Mutumin Yola Ne

Shekara shida muka yi muna koyarwa a firamare ɗaya da wata malama, a Digil, cikin Mubi. Ni ina aji biyar, ita tana aji huɗu, bango ɗaya ne tsakaninmu. 'Yar ƙabilar Gude ce, Kirista, kuma mijinta ya ɓace tun shekarar da muka watse daga Mubi. Ba a gan shi ba, ba a ga gawarsa ba. Ba ta maganarsa, mu ma ba ma tayar mata da ita.

Wata Talata, lokacin tara, ta same ni a gindin dalbejiya da wayarta a hannu. Ta ce ƙanwarta da ke karatu a Jos ce ta turo mata wani abu. Wai akwai wata Asabar da mutane a kowace ƙasa za su zauna a lokaci guda, su rufe ido, su yi shiru na minti ashirin, kowa ya sa zaman lafiya a zuciyarsa. Abin da ake so kawai mutum ya yi rajista: suna, gari, lambar waya. Ita ta riga ta yi, tana so ni ma in yi.

Na tambaye ta su wane ne suka shirya. Ta ce mutanen kirki ne. A wace ƙasa suke? Ba ta sani ba. Me ake biya? Ta ce ko sisi. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai, domin ruwa ba ya tsami banza. Na karɓi wayar na duba. Wani fure ne shuɗi a sama, sai taswirar duniya, sai Turanci mai laushi. Ba fuskar kowa, ba adireshi.

Wanda bai ga waccan shekarar ba zai ce tsoron banza ne. Amma an ce 'yan bindigar da suka shigo garin a lokacin da takarda suka shigo, sun san gidan da malamin gwamnati yake, sun san na ma'aikaci. Ban ga takardar da idona ba. Duk da haka, tun daga nan ko a asibiti aka ce in faɗi sunana da unguwata sai na tsaya na tambayi dalili.

Da na gaya wa matata, ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba. Ta ce haka ƙungiyoyin asiri suke farawa, yau shiru, gobe a ce ka kawo wani naka. Na je wurin limamin unguwarmu bayan azahar. Shi bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni wa ake fuskanta, me ake faɗa, wa ke jan zaman. Na ce masa ban san ko ɗaya ba. Ya ce ba zai haramta abin da bai sani ba, amma shi dai ba ya rufe ido a gaban mutumin da bai ga fuskarsa ba.

Da wani ne ya kawo mini maganar, da nan ta ƙare. Sai dai ita ce ta sauko daga bayan a-kori-kura a hanyar Maiha, ranar gudu, ta ba mahaifiyata wurinta, ta ci gaba a ƙafa. Ba ta taɓa tuna mini ba, kuma ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan.

Sai na yi dabara. Na shiga shafin, na rubuta rabin sunana, na ba da lambar tsohon layina da ke cikin ƙaramar waya. A wurin gari na rubuta Yola. Washegari na ce mata na yi, ta yi ta godiya har kunya ta kama ni.

Lokacin ya faɗo mana bayan la'asar. Ta ce mu haɗu a makaranta, tunda ran Asabar ba kowa. Na same ta ta share ajinta, ta jingina wayar da kwalin alli a kan tebur. Saura 'yan mintoci ta kira ni in ga abu. Ashe duk wanda ya yi rajista ana sa masa ɗigon haske a kan garinsa. Ta ja taswirar da yatsu har Adamawa ta fito, ta ƙara ja har Mubi. Ɗigo ɗaya ne, an rubuta ɗaya a gefensa, wato mutum ɗaya ke nan ya yi rajista. Ta ce ƙila sabis ne, ta rufe ta sake buɗewa. Ɗaya dai.

“Malam, ka rubuta kuwa?”

Na ce na rubuta, amma ba Mubi ba. Na gaya mata dalili, ban rage komai ba, har maganar matata.

Na ɗauka faɗa za ta yi.

“Ni ma ban yarda da su ba,” in ji ta. “Fastonmu ya ce bautar gumakan Indiya ce aka sa wa riga. Shi ya sa ban yi a gida ba.”

Na ce to me ya kawo mu nan. Ta ce tana so ne ko sau ɗaya sunan Mubi ya fito a wani wuri ba don an kashe mutane ba. Sannan ta ƙara, a hankali, cewa duk inda ta zauna da mutane sai an ce mata ta yi haƙuri, a coci, a gidan biki, ko'ina. Tana son zama ɗaya da ba wanda zai ce mata komai.

Ƙararrawa ta kaɗa a wayar, wata muryar mace ta fara magana da Turanci. Malama ta rufe ido. Ni ban rufe ba. Na lura idon kyamarar yana kallonmu, sai na miƙa hannu na kifa wayar. Na yi ta salati a zuciyata, ina kasa kunne ko matar za ta kira wani suna da ban sani ba, in tashi. Ba ta kira ba. Numfashi kawai take cewa a ja, a sake. Daga waje ina jin injin niƙa da kukan akuya.

Wajen minti goma muryar ta ɗauke, data ta ƙare. Malama ba ta motsa ba, ta ɗauka shirun yana cikin tsarin. Ban gaya mata ba. Na bi agogona har ashirin ta cika, na ƙara mata biyar, sannan na yi gyaran murya. Ta buɗe ido, ta gyara ɗankwali, ta ce mu tafi kada yamma ta yi mata.

Bayan nan saƙonni suka riƙa shigowa tsohon layin duk mako, ana kirana da rabin sunan nan. Ran nan muna cin abinci wata doguwar lamba ta ƙasar waje ta kira. Ni da matata muka zuba wa wayar ido har ta katse. Da hannunta ta cire layin, ta karya shi biyu.

Ran Litinin na ba Malama labari. Ta ce ita ma an kira ta, kuma ta ɗauka. Muryar wani tsoho ce da aka naɗa, yana godiya, bai ko jira amsa ba. Na tambaye ta ko ya nemi wani abu. Ta ce a'a.

“Tukuna dai,” na ce.

Ta yi dariya, ta ce in ara mata alli, nata ya ƙare.