Allurar Inna da Kunyar Ɗan Fari

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, Inna Mariyama, a gidanmu na unguwar Birni a Damagaram. Ciwon sukari ne ajalinta. Haka muke gaya wa mutane, kuma ba ƙarya ba ne, amma mu ƴan gida mun san da hannun kunya a ciki.

Inna mace ce mai son gyara. Ko ba ta karya ba, sai ta zauna bakin ƙofar ɗakinta ta mulke jikinta da man kaɗe, har tsakanin yatsun ƙafa. Allura kuwa ba ta ɗaga mata hankali. Da ciwon ya kai ga allurar insulin, ita ke yi wa kanta safe da yamma, kwalbar na ajiye a gindin randa don sanyi. Wahala ta fara ne da idonta ya dushe, hannunta ya kama rawa.

Ga shi a gidan akwai Yaya Mamman, ma'aikacin jinya, wanda rabin unguwa shi ke yi musu allura. Sai dai shi ne ɗanta na fari. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, "mutumin nan" take cewa, in ya shigo ta kawar da kai. Kakarmu ce ta raine shi. Ya taɓa jikin Inna? Ai ko a mafarki. Matarsa kuma suruka ce, tata kunyar ta fi.

Ni ina aure a Gidimuni. In na zo ni ke yi mata, in na koma wata maƙwabciya ta karɓa. Ranar da maƙwabciyar ta tafi biki ko gaisuwa, Inna sai ta aika wa Yaya cewa an yi mata, alhali ba a yi ba. Na taɓa tayar mata da rigima a kan haka.

"Inna, mai magani fa ba a jin kunyarsa."

"Ke rufa mini baki," in ji ta. "A asibiti ne yake mai magani. A gidan nan ɗan fari ne."

Kwanan baya na ji a rediyo wai masu bincike na ƙoƙarin haɗa maganin sukari cikin wani abu mai kauri kamar man shafawa, a shafa a fata, ya riƙa ratsawa cikin jiki a hankali. Sun ce har yanzu gwaji ake, don fata ba ta barin insulin ya wuce da sauƙi. Na yi dariya, daga baya na yi kuka. Na san abin da Inna za ta ce: "Ashe sai yanzu masu ilimin suka gano amfanin shafa mai?" Wannan magani ba ya neman ido, ba ya neman hannun kowa. Allah ya sa ya iso ga tsofaffinmu, don irin Inna suna nan da yawa.

Na kira Yaya Mamman a waya na ba shi labari.

"Rabi," ya ce, "da akwai shi, wataƙila da ta ƙara kwana. Amma ana saura kwanaki ta rasu, ba ke ba maƙwabciya, na shiga da sirinji na durƙusa, na ce yau ba zan fita ba. Ta juya fuskarta ga bango, ta miƙo mini hannu. Da na gama, sai ta riƙe yatsuna, ba ta saki da wuri ba."

Ban taɓa jin wannan ba sai ranar. Har yau ina jin haushin kunyar da ta rage mana kwanan Inna, ba zan ɓoye ba. Amma Yaya, da furfurarsa da jikokinsa, wannan riƙon shi ne abin da uwarsa ta bar masa, kuma ya ce ya ishe shi. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.