Malam Sala'u, Cinikin Da Na Kasa Ƙullawa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina cikin shan koko a rumfa waya ta yi ƙara. Ɗiyar Malam Sala'u ce daga Bazaga. Ta ce Baba ya cika bayan sallar asuba.

Na ajiye kofin. Har yanzu yana nan inda na ajiye shi.

Yawancinku masu bin shafin nan kun san ni da dillancin shanu a kasuwar Konni da kuma dogon baki. Kaɗan ne suka san na taɓa zama ajin jami'a a Yamai, farkon shekarun saba'in, lokacin ita kanta jami'ar tana rarrafe. Ban daɗe ba. Malam Sala'u shi ke koya mana ilimin ƙasa da noma.

Ran farko ya dubi ƙafata ya ga silifa mai ɗauri da waya. Washegari na tarar da takalmi sau ciki a kan bencina, ya ɗan yi mini yawa, na cusa tsumma a baki. Da shi na yi ta yanga a Yamai.

Ɗan Konni yake kirana. Ya ce ko gaisuwa na yi sai ya ji kamar tayi nake.

Al'adarsa, in ya gama lacca sai ya zauna a gefen tebur ya ce a tambaya. Ko ka ƙaryata shi ba ya fushi, sai dai ya ce kawo hujja.

Shekarun fari ne. Na dawo daga hutu a Tajaye, wajen dangin uwata, na ga mata suna tonon gidan tururuwa suna sheƙe ɗan hatsin da suka samu. Rediyo kuma tana cewa damina ta yi dama-dama. Kowa ya san ba a faɗin kalmar yunwa a fili, ana iya kwana a hannun jandarma saboda ita. Ni da rawar kai na ɗaga hannu, na tambaye shi wanne za mu ɗauka, abin da na gani ko abin da na ji.

Ya ce, "Abin da kag gani shi na gaskiya. Yunwa ce."

Ya tashi ya koma allo, ya yi ta bayanin ruwan sama da rumbu da haraji har lokaci ya wuce. A cikinmu akwai mai kai rahoto, ban san ko wane ne ba, yanzu ma ban damu in sani ba.

Ba a yi nisa ba aka cire shi daga jami'a aka tura shi lakwal ɗin Bazaga, wato firamare, ya je ya koya wa ƙananan yara baƙaƙe. Muka yi yajin shiga aji, aka kori wasunmu, har da ni. Na dawo Konni kawuna ya ɗora ni a kan dillanci.

Duk ran kasuwa sai Malam ya shigo bisa amalanken jaki, ƙafa duk ƙura, ya saya mini fura. Ko sau ɗaya bai ce tambayata ce ta jawo masa ba.

Bayan mulki ya canza hannu, sai ga Garba, abokin ajinmu da ya zama babba a buro, ofishin gwamnati. Ya ce sababbin manya suna son Malam ya koma, amma sai ya tsaya gaban ɗalibai ya ce yajin da aka yi don shi kuskure ne, kada a kuma. Ya san Malam ba zai saurare shi ba, shi ya sa ya biyo ta kaina.

Na ce a bar mini. Na yi yadda muke yi a kara, ba a haɗa mai saye da mai sayarwa wuri ɗaya sai magana ta nuna. Na zaunar da Garba a rumfar mai shayi, na zaunar da Malam can wajen ƴan awaki, ina kai ina kawowa cikin rana. Wurin Garba in yi ta koɗa Malam, in ce irinsa ba a samu. Wurin Malam in ce mutanen nan sun matsu, sai mu ja musu rai.

Wallahi na yi aiki. Na sauko da Garba daga maganar tsayawa gaban ɗalibai, na sauko da shi daga ban haƙuri, har ya ce to, Malam ya koma ya yi laccarsa yadda yake so, abu ɗaya kawai: in ya gama ya fita, ban da tambaya. Ni a wajena an ci kasuwa. Gida a Yamai, mota, yaransa su yi karatu mai kyau.

Na kawo Garba, na kama hannunsa na kama na Malam zan haɗa, kamar yadda ake sallama ciniki. Malam ya zare nasa a hankali.

Ya ce, "Ɗan Konni, in wani yaro yaɗ ɗaga hannu kamar yadda kaɗ ɗaga, mi za ni yi? In ɗauki jakkata in wuce shi?"

Ya dubi Garba ya ce masa albarka, ya gaida manya. Ya hau amalanke ya koma Bazaga.

Na yi fushi da shi sosai. Na ce masa wannan taurin kai ne, mutum ba ya barin jami'a saboda hannun yaro. Ya yi dariya ya ce ai la'adata ce ke mini ciwo.

A Bazaga ya ƙare aikinsa. Bai sake tsayawa ajin jami'a ba. Garba ya yi ta hawa har ya gaji. Kada wani ya zo ƙarƙashin rubutun nan ya ce mini gaskiya ta yi halinta, ni ban gani ba. Na ga mutum mai ilimin da ya ishi ƙasa yana share ajin laka, matarsa tana ƙosai. Na tsufa ban gama yanke wa kaina ko wa ke da gaskiya tsakanina da shi ba, kuma na gaji da juya maganar.

Ganinmu na ƙarshe bayan ƙaramar salla ne. Ido ya tafi, amma ya gane muryata tun daga zaure. Na je da jikata Rabi, tana jami'a yanzu. Ya tambaye ta ko suna yi wa malamansu tambaya. Ta sunkuyar da kai ta ce galibi shiru suke, kowa na tsoron makinsa, malaman ma suna tsoron nasu manyan.

Ya ce, "Ke fa?"

Ta ce ta taɓa yi sau ɗaya, an ce ta zauna.

Ya lalubo hannunta na dama ya riƙe, ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Ki ƙara."



Anjima da azahar za a kai shi. Rabi ta kamo hanya daga makaranta, ta ce ko an rufe shi sai ta zo.

Allah Ya jiƙan Malam Sala'u, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Bai taɓa barin mai tambaya a tsaye ba, Allah Ya ba shi ikon amsa tasa tambayar cikin sauƙi. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi cikin addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ce.