Littafin da Kilian Ya Aro

Kilian ɗan majemi ne, a unguwar bakin kogi ta birnin Basel aka haife shi, inda warin jima ke bin mutum har cikin coci. Ubansa ke kai fatar rubutu gidan 'yan zuhudu da ke bayan ganuwa. A can ne Malam Anshelm, mai kwafar littattafan gidan, ya zaunar da Kilian ya koya masa Latin da riƙon alƙalami. Shekara tara suna tare. Kilian bai shiga zuhudu ba, don ya ƙyalla ido ya ga Ottilia 'yar mai gasa burodi. Ya aure ta, ya riƙa cin abinci da kwafar takardu a cikin gari.

Da madaba'a ta shigo Basel, sai kasuwar masu rubutun hannu ta mutu. Kilian bai tsaya jayayya ba, ya nemi aiki wurin Maigida Gumprecht, wanda ke buga littattafan tauhidi. Aka sa shi jera haruffan dalma, ɗaya bayan ɗaya, a juye. Tun da shi kaɗai ya san Latin sosai, shi ke duba kuskure kafin a buga. Abokan aiki suka laƙaba masa Malam Latin, shi kuwa sunan na yi masa daɗi fiye da yadda yake nunawa.

Wata shekara Gumprecht ya so ya buga wani tsohon sharhin Zabura, amma duk kwafin da aka samo cike yake da kurakurai. Ana cikin cin miyar kabeji da rana, Kilian ya ce shi ya san inda kwafi mai tsabta yake. Malaminsa ya yi shekara goma sha ɗaya yana rubuta shi a kan fata, yana gwada kwafi uku da juna, har da bayanin kansa a gefen shafi. Don burga kawai ya faɗa. Gumprecht ya ajiye cokali ya ce to ya je ya karɓo.

Ya tarar da Malam Anshelm ya tsufa, idonsa ya yi hazo. Kilian ya ce aron mako biyu yake so, zai duba wasu kalmomi. Bai ambaci madaba'a ba, alhali ya san abin da ake yi wa littafi idan ya shiga can. Tsohon ya je da kansa wurin shugaban gidan ya tsaya masa, ya naɗe littafin a tsumma ya miƙa masa, ya haɗa da busasshen tuffa don yara.

"Ka wanke hannu kafin ka buɗe, ɗana," in ji shi.

Mutum uku ne za su jera haruffan lokaci guda, saboda haka dole a warware ɗinkin a raba shafuka. Kilian ne ya sa wuƙa ya yanke zaren, yana gaya wa zuciyarsa cewa in an gama zai sake ɗinkewa. Cikin mako guda shafukan suka sha tawada da shatin yatsu. Wata rana ya ga Veit, mai jan injin buga littafi, ya ɗora kofin giyarsa a kan wani shafi. Ya yi masa magana, Veit ya yi dariya.

"Haba Malam Latin, fatar tunkiya ce fa. Ta riga ta mutu, ba za ta ji zafi ba."

Bayanan gefe kuwa Gumprecht ya ce babu wurinsu, aka bar su. Mako biyu suka zama wata bakwai. Da aka gama, Kilian ya tara shafukan a ƙarƙashin matakala, kullum yana cewa gobe zai gyara, don ko kallonsu ba ya son yi. Ranar da ya daure ya leƙa, wayam. An ba mai ɗinkin littattafai, ya yayyanka su ya liƙa a bayan sababbin. Kilian ya ruga can, shafi goma sha huɗu ya samu da rai cikin ɗari uku da wani abu.

Sau uku Malam Anshelm yana aiko saƙo. Kilian ya ce 'yarsa ba ta da lafiya, ya ce aiki ya yi yawa, na ukun ma bai ba da amsa ba. Abinci ya daina shiga masa. Ottilia ta ce masa ya je ya faɗi gaskiya ya huta, tsohon ba dodo ba ne. Maimakon haka sai ya ɗauki bugaggen kwafi ɗaya, ya sa aka ɗinke shi cikin tsohon bangon katako na littafin Malam Anshelm, yana tunanin ai idon Malam ba ya gani.

Da hantsi ya same shi a lambu yana shan rana. Tsohon ya rungume littafin, ya buɗe, ya shafa shafin da yatsa. Ya sake shafawa, ya kai hanci.

"Wannan takarda ce, Kilian."

Nan Kilian ya durƙusa ya kwashe komai ya faɗa, har da kofin Veit. Malam Anshelm bai katse shi ba. Da ya gama, tsohon ya ce ya buɗe sharhin Zabura ta hamsin ya karanta masa wani layi da ya sha wahala kafin ya gano daidansa. Kilian ya karanta, kalmar tana nan daidai. Tsohon ya tambayi guda nawa aka buga, Kilian ya ce ɗari uku. Ya gyaɗa kai. Sai ya tambayi abin da ya rubuta a gefe.

"Ba a sa ba, Malam. An ce babu wuri."

Tsohon ya ɗora hannunsa a kan bangon.

"Da ka tambaye ni, da na hana ka," ya ce. "Ka san haka, shi ya sa ba ka tambaya ba."

Bai zage shi ba, bai kuma ce ya yafe ba. Cikin makon shugaban gidan ya karɓe makullan ɗakin littattafai daga hannun Malam Anshelm, tunda shi ya tsaya wa aron. Kilian ya riƙa zuwa kowace Lahadi yana yi masa karatu. Tsohon na saurare, wani lokaci ya gyara masa furuci, amma hira ta ƙare tsakaninsu. Da sanyi ya shigo ya rasu.

Kilian ya kai maganar wurin limamin cocinsu. Limamin, wanda ke da kwafin littafin a ɗakinsa kuma yana yabonsa, ya ce ƙaryar ce kawai zunubi, ya ɗora masa azumin Jumma'a uku. Kilian ya yi azumin, bai ji wani sauƙi ba. Bayan shekara biyu Gumprecht ya so ya aike shi wani gidan zuhudu aron littafi, ya ƙi, suka rabu a kan haka.

Ya koma wata ƙaramar madaba'a, ya yi shekara ashirin da shida yana jera haruffa. Aka san shi da tsanani wajen duba kuskure, da rashin yawan magana a wurin cin abinci. Daga baya gubar dalma ta taɓa shi, hannu ya soma rawa, ciki ya riƙa murɗa masa, ya ajiye aiki. A gidan 'yarsa Apollonia ya rasu, ma'aikatan madaba'a suka ɗauki gawarsa. Hanyar maƙabarta mafi kusa ta gaban gidan 'yan zuhudun take bi. Ottilia ta roƙe su su zagaya ta kasuwar kifi, ta ce tun rasuwar malaminsa mijinta bai sake taka waccan hanya ba.