Farar Safar Uwar Kumfa

Maƙwabciyata wanki take yi a asibiti tun rasuwar mijinta, da ya bar mata 'ya'ya da ɗakin haya mai yoyo. Zanin gado, labule, rigunan tiyata, duk abin da mutum zai gani ya kau da kai, ita ke cuɗa shi. Uwar Kumfa muke ce mata a layinmu. Ni na laƙa mata, har yau ba ta yafe min ba. Ruwan bilic ya cinye mata hannuwa, fata ta saɓule, nan fari nan ja, farata duk sun tsattsage.

Bas ɗaya ke bi ta ƙofar asibitin da safe. Shugabar masu wanki kuwa ta riga ta ja mata kunne: in ta sake makara, ta nemi wani aikin.

Ranar da abin ya faru ina cikin motar, zan kai gwiwata a duba. Uwar Kumfa ta miƙa kuɗin mota, kwandasta ya kalli hannun ya ja da baya.

"Ajiye kan kujera, Inna, zan ɗauka."

Wata mai ƙamshin turare ta toshe hanci da mayafi. "Wannan ai cuta ce. Da yara fa a motar nan."

Kusa da ita wani ne cikin kaya masu sitati, yana tari kamar tsohon injin niƙa, yana fesa mana yawu a ƙeya. Shi ba wanda ya ce masa kanzil, agogonsa na ƙyalli.

Na ce wa mai turaren, "'Yar nan, zanin da kika haihu a kai, wa kike zaton ya wanke, aljanu?"

"Kaka, ba da ke nake ba."

"Da ni kike, tunda a kunnena kika zuba."

Bakina bai hana komai ba. Direba ya taka birki, aka sauke Uwar Kumfa. Da gudu ta ƙarasa asibiti, mace mai jikoki, ta durƙusa wa shugabar kafin a bar ta ta taɓa bokiti.

Washegari ta sayo farar safar hannu ta roba. Asibitin bai taɓa ba ta ko guda ɗaya don wanki ba, ita ta saya don shiga mota.

Yanzu kwandastan nan, shi ɗin dai, da ya hango ta sai ya kakkaɓe kujerar gaba. "Likita, bismillah." Fasinjoji har kumburin ƙafa suke nuna mata, ta ce su rage gishiri.

Ba ta sake makara ba. Amma robar na dafa mata hannu cikin zufa, gyambon sai ci yake. Kullum da yamma ni ke zare mata safar a hankali, don tana tahowa da fata. Tana cije leɓe, ni ina zagin motar tun daga direba har tayar baya.