Ɗan Gayu, Mai Cire Sakata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka, Ɗan Gayu. Ni kafinta ne, rubutu ba aikina ba ne, amma unguwa ta yi gum, kuma shiru bai dace da kai ba.

Kowa ya san sana'arku a gidan hayar da ke bayan shagona: samari masu kwana da maza don a biya su. Ban taɓa yabonta ba, kuma a gaban idonka nake faɗa. Sai ka yi dariya, ka kaɗe mini garin katako daga kafaɗa. Kai ka gaya mini yawancinku ba sa iya fita wurin baƙo sai sun haɗiyi ƙwaya, in sun dawo kuma ba barci sai sun ƙara.

Da aka tsinci gawar ɗayanku a ɗaki kulle, sai ga ka a shagona.

"Baba, zo ka cire mana sakatun nan duka," ka ce. "Wanda zai sha, ya sha inda za a iya tura ƙofa."

Na cire. Tun daga nan kowace safiya kake bin ɗakuna da butar shayi. Wanda ya yi nisa ka juya shi ta gefe, kada amai ya shaƙe shi. Akwai masu yawo da ƙafarsu yau da a goye a bayanka suka je asibiti.

Daga baya ka daina sha. Aka yi ta yabonka, ana nuna ka ga sauran, har yabon ya yi maka nauyi. Ranar da abin ya dawo maka, kunya ta hana ka faɗa wa kowa. Ɗakinka ba sakata, sai ka tura kabad ka tokare ƙofar. Likita ya ce abin da ka saba sha a da ka sha, alhali jikin ya daina ɗauka. Ni aka kira na ɓalle ƙofar. Wallahi har yau zuciyata ba ta huce ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya duba rayukan da ka tsare. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka da ƙannenka, Allah Ya ba su haƙuri.

Jiya mai gidan hayar ya aiko in mayar da sakatun. Samarin suka ce a bar ƙofofin haka. Kabad ɗinsu ma duk sun fitar tsakar gida.